Yumɓun Shinkafa

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na yammacin Zamfara, daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, ya san abin da ke faruwa washegarin ruwan farko. Kafin manya su gama saɓa sungumi su nufi gona, yara sun riga sun cika bakin kududdufi. Maza na murza laka suna fitar da bijimi mai tozo, a tsinko ƙayar aduwa biyu a kafa masa ƙaho. Mata sun kafa murhu da tsakuwa uku, ana tuwon ƙasa da miyar ganyen tafasa, ana shirin auren 'yar tsana. Wannan wasa kyauta ne. Sai dai akwai kayansa da ake saye da kuɗi: 'yan tukwane, 'yan kasake, 'yan tuluna da asusu, waɗanda magina ke gasawa su kai kasuwa. Gwaggona, yayar mahaifina, da wannan sana'a ta ci ta sha, ta yi wa 'ya'yanta kayan ɗaki, a wani ƙauye na ƙasar Bukkuyum can wajen Adabka. Yanzu a Gummi take zaune, kuma rabin abin da take yi wa yara a tukunya take tuƙa shi da muciya.

Bari in fara da yumɓu, tunda shi ne uwar sana'ar. Ba kowace laka ce ke ginuwa ba. Magina na da ramukan da suka gada, galibi a gefen fadama ko a wani tsohon kwari mai gangarawa Gulbin Zamfara, inda in an kwashe rairayin sama aka yi zurfin kamu biyu ko uku sai a tarar da baƙar ƙasa mai danƙo. Ana gane mai kyau da yatsu: ka murza ta ta yi igiya, ka lanƙwasa ba ta tsinke ba. Da rani ake haƙa, bayan ruwa ya janye. Mai jaki ya ɗauko a mangala a biya shi ladan kowane sawu, wadda ba ta da kuɗin jaki ta ɗauko a ka. A gida a shanya, a farfasa, a tsince tsakuwa da saiwa, a jiƙa ya kwana biyu. Tsintar nan ba a yi mata gaggawa, domin tsakuwa ɗaya da ta ɓuya a jikin tukunya ta isa ta fasa ta a wuta, ta kuma raunata maƙwabciyarta. Daga nan a daka tsingaron tsofaffin tukwane, a tankaɗe, a barbaɗa a ciki, saboda yumɓu zalla ba ya jure wuta. Wasu kan ƙara ɓuntun shinkafa ko busasshen kashin jaki. A tattake da ƙafa, a cuɗa da hannu, har ya daina kama tafi.

Manyan kaya irin su randa da tulu da tukunyar tuwo, a bayan tsohuwar tukunya da aka kife ake fara gindinsu, in ya sha iska a juya a ɗora wuya da baki. Kayan yara kuwa aikin tafin hannu ne da babban yatsa, kuma da ragowar yumɓun manya ake yin su. Kada wannan ya sa a raina su. 'Yar tukunyar da ba ta fi ƙwan kaza girma ba sai an fitar mata da leɓe, an yi mata murfin da zai zauna daidai, domin yarinya 'yar shekara shida in ta tsaya gaban kayan, murfin take fara gwadawa, kamar yadda ta ga uwarta na yi. Asusu shi ma da ƙa'idarsa: bakin ya ishi kuɗi shiga, ya hana tsinke zaƙulo su. In kaya sun fara bushewa a shafa musu jar ƙasa, a goge da santsin tsakuwa ko da 'ya'yan kuka da aka shirya a zare, har su yi ƙyalli. A inuwa ake busar da su, don rana da iskar hunturu na tsaga su.

Ranar gashi a matoya, a bayan gari, Gwaggo kan jira la'asar sakaliya lokacin da iska ta kwanta. A jera manya a kife, a cusa ƙananan a cikinsu da tsakaninsu, a lulluɓe da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu da 'yan itatuwa, a sa wuta ta ko'ina. A nan ribar kayan yara take, tunda ba su cin itacen kansu, a wutar manya suke gasuwa. Da safe a tone toka a ƙirga waɗanda suka tsira. Kasuwarsu kan tashi gab da Sallah, lokacin da iyaye ke da 'yar sakewa, asusu kuwa tun kafin azumi yara ke nemansa don tarin kuɗin yawon Sallah. Mutum-mutumi ne kawai Gwaggo ba ta gasawa ta kai kasuwa. Yaro ya gina sansa da kansa ya rushe da kansa, wannan ba ta hana ba, kuma malamai sun sha gaya mana cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasan 'yar tsana tana ƙarama.

Haka sana'ar ta gudana shekaru aru-aru, ba wanda ya taɓa tambayar ko ƙasa na iya kashe yaro, sai a 2010. A watan Maris na shekarar, likitocin ƙungiyar MSF da ke zagayen duba cutar sanƙarau suka tarar ƙananan yara na ta mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da amai da jijjiga da sanƙarewa, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu komai ba. Da aka auna jininsu sai aka ga gubar dalma ce. Zinariya ta yi tsada a duniya, mutane suka duƙufa haƙar dutse, dutsen kuma cike yake da dalma. A cikin gida ake farfasa shi, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a wanke a kududdufi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A Dareta da 'Yargalma an ƙirga cewa ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza, Tungar Guru da Bagega duk abin ya shafe su, kuma yaran da aka rasa sun kai 400 ko fiye. Aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka binne, aka zubo sabuwa; Bagega, wadda ta fi girma, sai a 2013 aka share ta. Waɗanda suka rayu, da yawansu gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, abin da ba ya dawowa.

Ƙauyen Gwaggo ba ya cikin waɗannan, amma labarin ya shiga kowane gida. Abin da ya fi girgiza magina shi ne jin cewa dalma ba ta da wari, ba a ganinta da ido, wutar matoya kuma ba ta ƙone ta. Sai da na'ura ake gane ƙasar da ta gurɓata. Kuma yaro ƙarami, duk abin da hannunsa ya taɓa, bakinsa zai kai. Tun daga lokacin Gwaggo ta daina ɗibar laka a kowane kududdufin da aka taɓa wankin dutse, ta daina aron turmi, ta daina karɓar tsingaro daga gidan da ba ta sani ba. In an kawo mata yumɓu, kafin ta tambayi kuɗi sai ta tambayi ramin da aka haƙo shi.

Sai kuma rashin tsaro ya zo ya raba ta da ramin nata. Yumɓu a daji yake, itace a daji yake, dajin kuma ya gagari shiga. A watan Satumba na 2021 aka rufe kasuwannin mako-mako a jihar, aka katse layukan waya. A farkon watan Janairu na 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka da dama a tsakanin Anka da Bukkuyum, aka yi asarar rayuka masu yawa. Ba da daɗewa ba Gwaggo ta tattara abin da za ta iya ɗauka ta koma wajen ɗanta a Gummi. A gari, yumɓu sai an saya a hannun masu kawowa, itace ya yi tsada, matoya kuma ba ta kafuwa a gidan haya mai maƙwabta ta ko'ina. Tana yin gashi jifa-jifa, in sun haɗa kaya da wasu magina sun raba kuɗin itace.

A wannan hali ne wata matashiyar malama, mai koyar da 'yan rabin aji a wata makaranta ta unguwarsu, ta yi mata sallama da wata 'yar roba a hannu. A ciki akwai wani curi mai laushi, shuɗi, irin wanda ake sayarwa a manyan kantunan Gusau da Sakkwato don yara su riƙa murzawa suna fitar da haruffa da siffofi. Makarantar ta sayo kaɗan, yara sun so shi ƙwarai. Matsalar ita ce akwai wata yarinya a ajin da iyayenta suka kawo takardar likita daga wani babban asibiti, cewa kada alkama ta shiga bakinta ko kaɗan, curin nan kuma da garin alkama aka yi shi. Ranar da ake wasan, ita kaɗai ake zaunarwa gefe tana kallo.

"Inna, yumɓu na zo ki sam min, in ba ta ta riƙa yi da shi," in ji malamar.

"'Yar nan, wanda ke hannuna saye na yi, ban ga raminsa ba. Ba zan ba ki ɗanye ki kai wa yara suna lasa ba."

Sai malamar ta karanto mata wani haɗi da ta gani a waya, na garin shinkafa da sitaci da gishiri da ake dafawa a wuta. Gwaggo ta saurara har ƙarshe, ta ce ai wannan tuƙin tuwo ne, a kawo kayan.

Ya kamata a san cutar da ta jawo duk wannan. Likitoci na kiran ta siliyak. A cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari mai danƙo da ake kira gulutin, shi ke sa kwaɓin burodi da na funkaso ya yi yauƙi ya tashi. Ga yawancin mutane abinci ne kawai. Ga mai siliyak kuwa, da ya shiga ciki sai garkuwar jikinsa ta juya ta far wa ƙaramin hanji, ta share 'yan tsiron da ke cikinsa masu kama da gashin tawul, waɗanda su ke tsotse amfanin abinci. Yaro ya riƙa gudawa ba ƙaƙƙautawa, ciki ya kumbura, jini ya yi ƙaranci, girma ya tsaya. Wani likitan Ingila, Samuel Gee, ya siffanta cutar a 1888. Wanda ya gano alkama ce sanadi likitan yara ne na ƙasar Holand, Willem Dicke, kuma abin da ya ƙarfafa zatonsa shi ne yunwar da aka yi a ƙasarsu a hunturun 1944 zuwa 1945: burodi ya ɓace, yaran da yake jinya suka samu sauƙi, burodi ya dawo, ciwo ya dawo. Ana ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin ɗari a duniya na da ita. An daɗe ana zaton cutar Turawa ce, sai a 1999 aka auna yaran Saharawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, inda garin alkamar agaji ya zama babban abinci, aka samu fiye da biyar cikin ɗari. Maganinta ɗaya ne, barin alkama da sha'ir har ƙarshen rayuwa.

Wannan na damuna idan na dubi yankinmu. Kakanninmu gero da dawa da shinkafa da wake suka ci, kuma babu gulutin a ko ɗaya daga cikinsu, haka masara da rogo da acca. Alkama abincin biki ce, alkaki da funkaso da taliyar Sallah. Yanzu burodi da fanke da biskit da taliyar leda sun zama kalacin yara har a ƙauye. Alamomin siliyak kuma kusan ɗaya suke da na tamowa, wadda ta cika ɗakunan jinyar yara a Zamfara. Yarinyar ajin malamar ta yi sa'ar iyaye masu halin kai ta inda za a auna.

Shi kansa curin kantin, wanda ya fi shahara da sunan Play-Doh, tarihinsa na masu sana'a ne. A birnin Cincinnati na Amurka wani kamfanin sabulu mai suna Kutol ke yin sa don goge baƙin hayaƙin kwal daga bangon ɗaki. Da mutane suka daina ɗumama gida da kwal kasuwarsa ta mutu, sai wata malamar ƙananan yara, Kay Zufall, ta gwada shi a ajinta ta ga yara sun so shi, ta ba da shawarar a mayar da shi kayan wasa. A 1956 ya shiga kasuwa da sabon suna. Garin alkama ne da ruwa da gishiri da wasu 'yan haɗe-haɗe, kuma kamfanin Hasbro da ke da shi yanzu bai ɓoye cewa akwai alkama a ciki ba. Gulutin ba ya ratsa fata, ta baki yake cutarwa. Wani bincike da aka buga a 2020 daga asibitin yara na birnin Washington ya nuna abin da ke maƙalewa a hannu daga curin kanti kaɗan ne, ɗanyen kwaɓin fulawa ne ke barin mai yawa. To amma ɗan shekara uku ba ya tsayawa a taɓawa. Yana gutsura, yana cusawa a ƙumba, yana tsotsar yatsa, kuma malama ɗaya ba za ta iya sa ido kan baki talatin ba.

Na zauna kusa da murhun Gwaggo na ga yadda take yi, bayan ta ɓata tukunya uku ko huɗu kafin hannunta ya faɗa. Shinkafar tuwo take nema, ɗanya, wadda ba a turara ba, kuma ba sai mai tsawo ba. Tsakin da ke faɗowa wajen masu casa ya wadatar, ya fi araha, kuma shinkafa ba ta yanke wa wannan yanki, ga ta fadamun Gummi ga ta Bakolori ta wajen Talatar Mafara. Ta wanke, ta jiƙa, ta tsane a kwando, ta daka a turmi, ta tankaɗe da rariyar laushi sau biyu, ta shanya garin a faifai a rufe da mayafi.

Na tambaye ta me ya hana ta kai inji ta huta. Amsar ita ce zuciyar sana'ar. Injin unguwa ɗaya ne, shi ke niƙa dawar tuwo, shi ke ɓarzar alkamar masu alkaki, kuma garin wanda ya riga ka kullum yana saura a cikin haƙoransa ya fito a naka. Ma'aunin duniya na abincin da za a ce ba shi da gulutin shi ne kada ya wuce miligiram 20 a kilo guda, wato ɗan abin da ko a bakin ƙumba bai cika ba. Gwaggo ba ta san wannan lissafi ba, amma ta san labarin injinan da suka niƙa dutse da safe suka niƙa hatsi da yamma. Don haka turminta daban, rariyarta daban, tukunya da muciya da mara duk na wannan aiki ne kaɗai, kuma ranar da surukarta ke murza taliya a gidan ba ta ɗora tukunya.

Shinkafa ita kaɗai ba ta da danƙo, in aka tuƙa ta ta huce sai ta riƙa marmashewa. Sitaci ne ke maye gurbin yauƙin alkama. Takan yi amfani da busasshen kamun masara da ta tace da kanta, ko sitacin rogo na ci wanda aka jiƙa aka wanke aka shanya yadda ya kamata, tunda ɗanyen rogo na da nasa dafin. Sitacin guga na leda ba ya shiga tukunyarta. Awonta da gwangwanin madara ne: ɗaya na garin shinkafa, ɗaya na sitaci, ɗaya na gishiri mai laushi, biyu na ruwa, da cokali guda na man kaɗe ko man gyaɗa. Haɗin da malamar ta karanto ya ambaci wani farin gari mai tsami da Turawa ke sawa, wanda ba a samun sa a kasuwar Gummi. Gwaggo ta jiƙa tsamiya ta tace ta zuba a madadinsa, ya kuma yi. Daga baya na gane ba dace ba ne kawai, sinadarin tsamin da ke cikin wancan gari shi ne ya cika tsamiya.

Bambancinsa da tuwo shi ne ba a talge. A ruwan sanyi ake dama komai har gudaji su mutu, sannan a ɗora a kan garwashi marar ƙarfi. Minti biyu na farko kamar ba abin da ke faruwa, farin ruwa ne kawai ke zagaya muciya. Can sai ka ji muciyar ta fara nauyi, gefe-gefe ya fara kamawa, ƙullun ya sake launi daga fari fat zuwa wani dusu-dusu mai ɗan sheƙi. A nan hannu ba ya tsayawa ko numfashi ɗaya. Tana tuƙawa tana kankaro gindi, har ya saki jikin tukunya ya dunƙule a kan muciya. Ta juye a tire da ta shafa wa mai, ta bar shi ya ɗan sha iska, sannan ta fara cuɗawa da zafinsa, da gindin tafi, kamar yadda take cuɗa yumɓu. Yatsunta sun saba da zafi tun zamanin tonon toka a matoya. Gwajin ƙarshe shi ne dai na bakin rami: ta murza igiya, ta naɗe ta a yatsa. In ba ta tsage ba ya yi. In ta tsage ta ɗiga ruwa da mai ta ci gaba, in yana kama hannu ta mayar wuta.

Launi ne ke sayar da kayan, kuma nan ma ba ta yarda da abin da ba a ci ba. Zoɓo na ba da ja mai duhu, in an ɗiga masa ruwan kanwa ya juya ya yi shuɗi-shuɗi. Kurkum na ba da rawaya, garin zogale kore, karan dafi ja mai kama da na jar fata. A ruwan dahuwar ake sa launin tun farko don ya shiga ko'ina. Ba su kai na kanti haske ba, kuma zoɓo kan dusashe bayan 'yan kwanaki, shi ya sa wani lokaci takan sayi kalar abinci irin ta masu kek in makaranta ta nemi mai ƙyalli. Shuni da garura da kalar rini kuwa ko kyauta aka ba ta ba ta karɓa.

Gishirin nan mai yawa aiki biyu yake yi. Yana hana curin lalacewa, yana kuma sa yaron da ya kai baki ya tofar. Amma shi ma abin tsoro ne, domin gishiri mai yawa haka in ƙaramin yaro ya haɗiye loma biyu ko uku zai iya jikkata shi, haka akuya ko kaza in suka samu. Wannan ne ya sa da yaran unguwa suka fara kiran sa tuwon wasa ta hana. Ta ce duk abin da aka kira tuwo, ci ake yi. Ita ta raɗa masa yumɓun shinkafa, kuma ba ta sayar wa uwar da ɗanta bai kai shekara uku ba.

Lissafin kuɗin ba shi da wuya. Tukunya guda ta wancan awo na fitar da curi shida, kowanne kamar ƙaramin lemon zaƙi. A ƙirgenta, uku ke mayar da uwar kuɗi, wato shinkafa da sitaci da gishiri da mai da gawayi. Ɗaya na tafiya a 'yan robobi masu murfi, irin na masu sayar da yaji, don in iska ta shiga kaya ya mutu. Biyu ne nata, kuma a cikin biyun nan ne ladan daka yake, in jikokinta ba su nan ta kira mai taya ta. A yini takan yi tukunya huɗu ko biyar in akwai masu so. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 komai ya hau, robobin da ake kawowa daga Kano sun fi shinkafa saurin tashi, don haka ta fara rage wa duk wanda ya dawo da robarsa a wanke. Ko da haka, curinta bai kai rabin kuɗin na kanti ba.

Masu saye ba su da yawa. Malaman makarantun kuɗi ne na ƙananan yara, sai matan ma'aikata, sai wata ungozoma da kan saya wa wani yaro mai raunin hannu don ya riƙa matsawa. Malamar nan ce dillaliyarta, tana ɗaukar hoto ta tura wa 'yan'uwanta malamai a WhatsApp, wani lokaci a ba direba saƙo ya sauke a Daki Takwas ko Anka. Makarantu kan karɓa bashi sai iyaye sun biya kuɗin zango, in an yi dogon hutu kuma kasuwa ta tsaya cak. Da damina curin kan yi fumfuna cikin mako biyu ko uku, da hunturu ya bushe gishiri ya fito masa fari a sama. Tukunyar yumɓu kan yi shekara a rumfa tana jiran mai saye, wannan kuwa sai an ce ana so ake ɗora shi. Ambaliyar da ta ci gidaje a Gummi a watan Agusta na 2024 ta jiƙa mata garin da ta daka na wata guda. Akwai kuma masu cewa wasa da abinci almubazzaranci ne a ƙasar da ake kwana da yunwa. Gwaggo ba ta raina wannan magana ba, ita ce ma ta sa ta tsaya a kan tsakin shinkafa, ba ta taɓa wadda za a dafa wa baƙo.

Ni dai a ganina ba ta bar sana'ar iyayenta ba. Hannun nan ne, gwajin igiyar nan ne, kuma masu sayen su ne dai yara. Har yanzu in an samu yumɓun da ta yarda da raminsa tana gina 'yan tukwanenta na Sallah, ta fi kuma jin daɗinsu. Ranar da na raka ta kai kaya makarantar, na ga aji guda a zaune a tabarma, kowa da curinsa, ana murza alifun da ba'un. Malamar ta riga ta kwashe na kantin gaba ɗaya don kada a gauraya. Ban iya gane wace ce yarinyar ba sai da aka nuna mini ita, tana tsakiyar sahu, ta gina 'yar tukunya ja tana ƙoƙarin daidaita mata murfi.

Ga malamai da iyaye, in za ku ba yara laka ku san inda aka ɗebo ta, ku nisanci duk wurin da aka taɓa dakan dutsen zinariya ko wankinsa. In curin gari ne ku tambayi da me aka yi shi da inda aka niƙa, a kuma wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci. Yaron da gudawa ta ƙi barinsa, cikinsa na kumbura, girmansa ya tsaya, a kai shi asibiti a gaya wa likita irin abincin da yake ci. Kada a yanke masa alkama kafin a auna shi, domin in an daina ba shi, gwajin jini na iya kasa nuna cutar.